Wa Ya Rubuta Saniyar Kamila?

A duk faɗin Batsari da Safana babu ɗalibin da ya isa ya yaudari Malam Surajo da aikin na'ura. Shi da kansa ya sanar da haka a ofishin malamai, kuma da yake shi ne mai digiri biyu, ba wanda ya ja.

Dabararsa mai sauƙi ce. Tun da ɗalibai suka gano manhajar nan ta waya da ke rubuta wa mutum duk abin da ya nema, sai ya koma tambayar mai laifin kai tsaye. Yakan ɗauki hoton aikin ɗalibi, ya je gindin tankin ruwa inda sabis ke kamawa, ya tura mata ya ce, "Ke kika rubuta wannan?"

A wannan zangon kuwa wanda rubutunsa ya fi kyau shi zai wakilci makarantar a gasar Katsina. An ce kowa ya rubuta a kan garinsu, aka tace, saura biyu. Musaddiq, ɗan mai shagon cajin waya, ya kwatanta gari mai kogi da kwalekwale da masunta. Malam Surajo bai taɓa ganin kwalekwale a Batsari ba, amma Turancin ya zauna. Kamila, wadda iyayenta suka baro Ruma bayan an kore musu shanu, ta rubuta a kan saniya guda da ta kuɓuce ta dawo ita kaɗai, ta tsaya a garken da ba kowa, har wani maƙwabci ya gan ta.

A kan na Musaddiq manhajar ta ce ba za ta iya tabbatarwa ba. Da ya tura na Kamila sai ya ƙara da cewa, "Wannan ai ya fi ƙarfin 'yar ƙauye. Naki ne, ko?" Ta ce yana da gaskiya, salon ya yi kama da nata.

Ya sa aka kira Kamila ofis. Malama Hansatu, mai koyar da lissafi, tana wurin.

"Malam, ba ni da waya," in ji Kamila.

"Ai manhajar ta amsa laifinta. Ke ma ki amsa naki."

Malama Hansatu ta karɓi wayar ta nufi tanki, suka bi ta. Ta rubuta cewa yarinyar ce ta yi aikinta da hannunta. Manhajar ta ba da haƙuri, ta ce Malama tana da gaskiya. Malam Surajo ya karɓe ya maimaita nasa. Ta ba shi haƙuri shi ma.

"To bayan wa take?" ya tambaya.

"Bayan duk wanda ya riƙe ta, Malam. Ba wa Kamila ta gwada."

Bai ba ta ba. Kansa ya ɗaure, sai ya ce Kamila ta dubi idonsa ta faɗi gaskiya. A gidansu Kamila ba a duban babba a ido, balle a ce masa ya yi kuskure. Ta sunkuyar da kai. Malam Surajo ya ji daɗin samun hujjar da ba ta bukatar sabis.

Duk da haka shi mutum ne mai adalci. Ya zaunar da ita ya ce ta sake rubutawa a gabansa. Ta rubuta, ya fito kusan kamar na farko, tunda nata ne.

"Kin haddace," in ji shi. "Sake. Da kalmominki."

Kamila ta daɗe tana duban takardar. Sannan ta fara. Ta ɓata rubutun kalmomin da ta iya, ta karya jimloli, ta cire wurin da saniyar ta tsaya a garke. Ta miƙa da hannu biyu.

Malam Surajo ya karanta, fuskarsa ta saki. "Yauwa. Wannan kam naki ne." Ya ajiye takardar. "Amma kin san ba a zuwa Katsina da irin wannan Turanci."

"Na sani, Malam."

Ranar gasa motar makaranta ta ɗauki Musaddiq da kwalekwalensa. Aka fito da ɗalibai bakin ƙofa su yi masa fatan alheri. Kamila tana layin baya, ta ɗaga hannu tare da sauran, sannan ta koma aji, don ranar ita ke da shara.