Casa'in da Bakwai

Malam ya miƙa wa telan da ke gefensa katinsa, ya karɓi na telan yana murmushi kamar ya yi tsintuwa. A ƙofar asibiti shi aka ba lambar layi casa'in da shida, telan kuma casa'in da bakwai, amma Malam ya roƙa su yi musaya. Telan bai yi gardama ba. Wa zai ƙi a matsar da shi gaba?

Shekara talatin Malam ya yi yana koyar da lissafi, ritaya kuma ba ta raba shi da halinsa ba. Ko lambar mota ya gani sai ya feɗe ta. Ya juya wajen matarsa, wadda ta jingina da bango tana dafe da ciki, ya shiga yi mata bayani. Wai casa'in da shida ba ta da zuciya: biyu ta raba ta, uku ta raba ta, huɗu, shida, takwas, kowa ya zo ya yanki nasa. Casa'in da bakwai kuwa babu mai raba ta sai ɗaya da ita kanta, kuma a ƙasa da ɗari ita ce auta cikin masu wannan taurin kai.

"Ni dai a duba ni, Malam," ta ce.

Wata uku ke nan ƙullutun cikinta yana girma, likitocin tiyata kuma sai bayan mako huɗu suke leƙowa. Malam ya san haka sarai. Tsoro ne ke cinsa, shi kuma in tsoro ya kama shi ba ya iya komai sai surutun lambobi.

Rana ta take, aka yi ta kira, benci yana raguwa. Da aka ce casa'in da shida telan ya miƙe, ya ɗingisa da gwiwarsa mai ciwo ya shige, ko waiwaye bai yi ba. Sai nas ta tattara takardunta ta jawo ƙofa.

Malam ya tashi da sauri, ya ɗaga kati, ya ce saura su. Nas ɗin ta amsa masa ba tare da faɗa ba, kuma wannan ya fi masa ciwo. Likita huɗu ne, kowanne mutum ashirin da huɗu, haka aka tsara, an kuma liƙa a bango tun safe. Ya roƙa a ƙara wa ɗaya daga cikinsu mutum guda. Ya ce shi malami ne, ya ce katin ma ba nasa ba ne, musaya suka yi.

"Baba, wa ya sa ka?" ta ce, ta rufe.

Huɗu sau ashirin da huɗu. Lissafin da ko a barci aka tashe shi zai yi, ga shi a bango da jan alƙalami, bai ɗaga kai ya karanta ba.

Shi da matar suka fito bakin titi. Ta zauna a kan dakali tana mayar da numfashi, sannan ta tambaye shi kwana nawa ne kafin likitocin su dawo.

"Ashirin da takwas," ya ce.

Lamba ce da ya sha yabo a gaban allo, don in ka tara masu raba ta, ɗaya, biyu, huɗu, bakwai da sha huɗu, ita za su sake ba ka cif. Bakinsa har ya fara motsi da kansa.

Ta dube shi, idonta a bushe.

"Kwanakin na tambaya, Malam. Halin lambar kuwa, ka riƙe abinka."