Kwamfutar Hanyar Yamai

Jalilu direba ne. Yayarsa, Hajiya Ayishetu, tana sayen motoci a tashar jiragen ruwa ta Tema, shi kuma ya tuƙa su har Yamai, ya miƙa wa masu su, ya hawo bas ya dawo Accra. Shekara goma sha huɗu ke nan da ya baro Tawa yana wannan aiki, kuma ya daɗe yana taƙama da cewa da kunne yake gane ciwon mota. Sai dai motocin yanzu ba a gane su da kunne. A tafiyarsa ta ƙarshe wata ta mutu masa bayan Kintampo, ya kwana biyu a bakin titi. Makanikai uku suka buɗe ta suka rufe ba su ga komai ba, sai da aka kirawo wani daga Techiman, ya zo da kwamfuta ya jona, cikin minti goma ya faɗi abin da ya lalace.

Da ya dawo, Hajiya ta sayi kebul ɗin da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari, ta sa Saaka, mai gyaran wayar mota a unguwar Kawukudi, ya koya masa yadda ake karanta abin da ya fito. Abin da ya rage shi ne kwamfutar.

"Ƙarama, mai araha, wadda za ta jure hanya," in ji Hajiya. "Ka je wurin Fauzia."

"Yaya, duk faɗin Accra babu mai sayar da kwamfuta sai ita?"

"Akwai. Amma ita ce ba za ta cuce ni ba. Kai dai ka zaɓa, sauran maganar tsakanina da ita ne."

Fauzia tsohuwar matarsa ce, haifaffiyar unguwar Nima ta Accra. Shekara biyu da rabuwarsu. Abin ya faro ne daga lokacin da ta fara gyaran tsofaffin kwamfutoci tana sayarwa, shi kuwa bai so ba. Wata rana a gaban mahaifiyarta ya ce ya auri mace ashe 'yar bola ce, mai tsintar tarkace a jujin Old Fadama. Daga ranar auren bai sake yin lafiya ba. 'Yarsu ɗaya, Salwa, shekararta goma sha ɗaya, tana hannun uwarta. Duk maganar da ta shafi yarinyar ta bakin Hajiya take bi, kuma ta wannan hanyar aka shirya cewa a wannan hutun makarantar Salwa za ta bi ubanta ranar Asabar, ta ga kakarta a Tawa karo na farko.

Sai ranar Alhamis da hantsi ya je. Ya ajiye motar da zai tafi da ita a bakin babban titin Nima, ya shiga lungun da kwantenar da Fauzia ta mayar shago take. Ya same ta a zaune ta kife wata kwamfuta tana kwance ƙusoshinta. Ya yi sallama. Ta amsa ba ta ɗago ba.

"Yaya ta aiko ni."

"Na sani. Tun Litinin ya kira ni."

"Ta kira," in ji Jalilu. "Yaya mace ce."

Fauzia ta ajiye sukundireba a hankali. Hausarta ta Nima ce, wadda ba ruwanta da rarrabe mace da namiji, kuma shekara goma da suka yi tare bai taɓa barin kalma ɗaya ta wuce bai gyara ba.

"Malam, makaranta ka zo buɗewa ko saye ka zo yi?"

Ya juya yana duban kanta. Idonsa ya tsaya kan wata babba, baƙa wuluk, mai faɗin fuska, tana ƙyalli kamar ba a taɓa ta ba. Ya nuna ta da mukullin mota.

"Waccan."

"Wancan ba naka ba ne."

"An riga an saya?"

"Ba a saya ba. Ba zai yi maka aiki ba."

Ta sunkuya ƙarƙashin teburi ta jawo wata ƙarama, toka-toka, wadda ba ta wuce littafin makaranta girma ba. Murfinta duk ƙarzuwa, kusurwa ɗaya ta ɗan lotsa. Ta ɗora ta a gabansa.

Jalilu ya kalli kwamfutar, ya kalli Fauzia, ya yi wata dariya ta hanci.

"Na san za a yi haka. Kin ji ni ne zan zo, kika tono mini wannan daga cikin shara."

"Daga ofis ya fito. Na sa masa sabon batir, awa shida yake yi. Cikinsa babu faifai mai juyawa, ramin hanya ba zai kashe shi ba. Cajinsa a wurin kunna sigari na mota ne. Wancan babban sai ka sayi inbata mai juya wutar mota, kuma awa ɗaya ba ya kaiwa."

"In fito da wannan a gaban mai mota a Yamai? Ya ɗauka wasan yara nake yi."

"Mai mota motarsa yake so, ba kwamfutarka ba."

"Ke dai kin fi so a raina ni."

"Ba sai na taimaka ba koraa," ta ce, ta ƙarasa da kalmar Twi kamar yadda ta saba in ranta ya ɓaci.

Mai ɗinkin da ke kwantenar kusa ya rage ƙarar rediyonsa. Jalilu ya lura, ya sassauta murya, ya ce shi fa babbar zai ɗauka, in ba ta sayarwa akwai shaguna a Circle. Fauzia ta ce hanya a buɗe take, amma sai ya fara kiran Hajiya ya gaya mata. Can ta miƙe, ta sauko da babbar, ta ɗora ƙaramar a kanta, ta rungume su.

"Motar yana ina?"

"Tana ina."

"Mace ne ko namiji ne, kai ni wurinsa. A gwada duka biyu. Wanda ya yi, ka ɗauka ka tafi mini daga nan."

Ya wuce gaba, ta bi shi a baya da tazara. A bakin titi 'yan trotro, motocin haya, suna ta kiran fasinja, rana ta riga ta gasa rufin motar. Jalilu ya zauna a kujerar direba, ya karɓi babbar, ya buɗe ta. Ba ta shiga tsakanin cikinsa da sitiyari ba. Ya ja kujera baya iyakar ja, ya karkata ta, gefenta ya danna hon, wata mai tallan ruwa ta juyo ta zage shi. Da ya samu ta zauna, fuskarta ta zama madubi a cikin ranar, ba abin da yake gani sai gemunsa. Ya kare da tafin hannu, ya kare da hularsa. Fankar cikinta ta fara kuka.

Fauzia ta zagaya ta buɗe ɗaya ƙofar ta zauna, ta ɗora ƙaramar a cinyarta, ta miƙa hannu.

"Kebul."

Ya ɗan yi jim kafin ya ciro shi daga aljihun ƙofa. Ta sunkuya ta jona a ƙarƙashin sitiyari, ta ce ya murɗa mukulli. Rubutu ya fara hawa, yana fitowa sarai duk da hasken rana. Layi-layi masu kore, sai guda ɗaya ja.

"Wannan mene ne?" in ji ta.

"Ba komai. Tsohon abu ne, ba a goge ba."

"An rubuta birki."

"Na ce miki ba komai."

Ta ɗaga kai ta dubi allon fitilun da ke bayan sitiyari. Duk fitilun da suka kama sun mutu, ba ja ko ɗaya. Amma a kusurwar hagu akwai wani ɗan wuri da baƙinsa ya fi na sauran gilashin. Ta miƙa hannu ta tsallake shi, ya riƙe mata wuyan hannu, ta fizge. Ta sa farce ta ɓamɓaro ɗan guntun baƙin salatif. A ƙarƙashinsa fitilar birki tana ci.

Ta riƙe salatif ɗin a bakin yatsa tana kallonsa.

"Kai ka liƙa?"

"'Yar waya ce. Na san motar nan, birkinta lafiya lau. Tun daga Tema na tuƙo ta. Fitilar tana damun idona ne kawai."

"A cikin wannan za ka sa mini yarinya ranar Asabar."

"'Yata ce ni ma. Kina nufin zan kashe 'yata?"

"Ina nufin ka ga ja, ka rufe shi."

"Shekara goma sha huɗu ina kan hanyar nan. Ke me kika sani a mota? Ki tsaya a tarkacenki."

Fauzia ta ciro wayarta ta ɗauki hoton fitilar, ta ɗauki hoton jan layin, ta tura wa Hajiya yana kallo. Sannan ta cire kebul ɗin, ta rufe ƙaramar kwamfutar ta ajiye a kan kujera, ta ɗauki babbar daga cinyarsa, ta nuna masa ƙaramar.

"Wannan ne naka. Cajan yana shago, ka aiko a karɓa. Kada ka zo da kanka. Salwa kuma ba ya zuwa ko'ina."

Ya leƙo ta taga yana cewa ba ta isa ba, an riga an gaya wa tsohuwa, ta yi wata guda tana shirin jikarta. Fauzia ta tsallaka kwata ta shige lungu.

Da la'asar Hajiya ta sa aka kai motar Kawukudi, ta zo da kanta ta zauna a benci. Saaka ya jona ƙaramar kwamfutar, ya yaba ta, ya tambayi inda aka samo, Hajiya ta ce ya duba motar tukuna. Ya ɗaga motar, ya cire ƙafar baya ta dama, ya leƙa. Wata siririyar waya ce ta tsinke kusa da taya. Bai kai rabin awa ba ya haɗa ta, fitilar ta mutu da kanta.

"Birkin fa?" in ji Hajiya.

"Yana kamawa, Hajiya. Amma da wayar nan a tsinke, in aka taka da ƙarfi a kan ruwa, mota tana iya zamewa. Gara da aka gyara."

Jalilu rabin farko kawai ya ji. Ya ce a kira Fauzia yanzu, a buɗe murya kowa ya ji. Hajiya ta kira.

"Fauzia, an duba. Waya ce, an gyara."

"To, alhamdu lillahi, Yaya."

"Kin ji ko?" Jalilu ya matso bakin wayar. "'Yar waya, kamar yadda na faɗa. Sai ki haɗa wa yarinya kayanta."

"Yaya, ki gaya masa ni ba da waya nake rigima ba. Lokacin da ya liƙa abin nan, ya san waya ne? Ya buɗe ya gani?"

Hajiya ta dubi ƙanenta. Ya kau da kai.

"Bai sani ba," in ji Fauzia. "Sa'a ya ci. Ba na ba da 'yata a kan sa'a."

Hajiya ta yi ta lallashi. Ta ce ita za ta tsaya a kan kowace mota daga yau, ta ce a tuna da tsohuwa, shekaru sun ja, ba wanda ya san gobe. Fauzia ta saurara har ƙarshe cikin ladabi, ta ce in Hajiya da kanta za ta tafi Tawa a bas, ga Salwa nan, ko yau. Amma ba a motar da Jalilu yake tuƙi ba. Hajiya kuwa ƙafarta ba ta barin ta yin irin wannan doguwar tafiya, kowa ya san haka. Jalilu ya ce zai kai maganar wurin limamin da ya ɗaura musu aure. Fauzia ta ce ya tafi da hoton ya nuna masa, in ba shi da shi ta turo masa.

Bai je wurin liman ba. Ranar Asabar da safe ya kama hanya shi kaɗai, ƙaramar kwamfutar a naɗe cikin tawul a ƙarƙashin kujera. Ta yi masa aiki. A Tamale ya jona wa wani direban Burkina da motarsa ta ƙi tashi, ta nuna abin da ya lalace. Da mutumin ya tambaye shi inda ake samun irinta, ya ce a Kumasi ya saya.

A Nima kuwa, Salwa ta riga ta cika jakarta tun farkon mako, har da zanen da ta sa aka saya wa kakarta. Da uwarta ta gaya mata, ba ta yi kuka ba. Ta daina magana. Kwana biyar tana cin abinci a ɗakin maƙwabta, in Fauzia ta yi mata magana da Hausa sai ta amsa da Turanci, kalma ɗaya. Kakar ta bugo waya daga Tawa, ta yi wa Fauzia faɗa mai zafi, ta ce ta raba ta da ɗanta, yanzu kuma tana raba ta da jikarta. Fauzia ta riƙe wayar a kunne har tsohuwar ta gaji ta kashe.

Rana ta shida Salwa ta zo shago ta tsaya a bakin ƙofa, ta tambaya ko hutu mai zuwa za a bar ta ta tafi. Fauzia tana duban cikin wata kwamfuta da ta buɗe. Ta ce ba ta sani ba tukuna, kuma ba za ta yi mata alkawarin da ba ta da tabbacinsa ba. Yarinyar ta daɗe a tsaye, sannan ta juya ta koma gida.