Hoton da Bamanga Ya Gyara

Wani dare a daminar shekarar kuɗin Udoji, mutanen Dawaki suka ji wani irin kuka: ƙiii, shiru, ƙiii. Ba na jaki ba ne, ba na ƙofa ba. Sallau mahauci ya ɗauki gora da fitila ya leƙa ta katanga, sai ga maƙwabcinsa Malam Cornelius, malamin awon auduga, durƙushe cikin taɓo yana juya hannun tsohon keken ɗinki. A kan keken ya ɗaure wani farin bututu, bakinsa na kallon hadari.

"Malam, lafiya?"

"Kashe fitilar nan, Sallau! Sama tafiya take yi, dole in riƙa bin ta a hankali."

Da kuɗin nan na ƙarin albashi suka zo, masu hankali babur suka saya, wasu rediyo. Cornelius kuwa Legas ya aika aka kawo masa madubin hangen taurari da kyamara. Wai kusa da wutsiyar taurarin Kunama akwai wani hayaƙi mai haske inda ake haihuwar taurari, hotonsa yake so. Madubin ya iso rana ɗaya da ruwan farko, sama ta rufe ruf kamar an haɗa baki da ita.

Matarsa Margaret, wadda take kwana da tasa bakwai a ɗaki suna tarar yoyo, ta yanke magana.

"Baban Titus, zuwa ƙarshen Agusta. In ban ga hayaƙin nan a takarda ba, bututu ya tafi, kwanon rufi ya zo."

Dare ashirin da uku yana gadin gajimare. Sauron unguwa har ƙiba suka yi. A na ashirin da huɗu, bayan ruwa ya ɗauke, hadari ya tsage kaɗan, ga abin nan fari-fari kamar audugar da aka gurje. Ya buɗe idon kyamara, yana juya keken yana hawaye, minti goma sha biyu, kafin sama ta tuna ta sake rufewa.

Da safe ya kai fim ɗin wurin Bamanga mai hoto a bakin kasuwa. Shi Bamanga gwani ne, ba a taɓa jin amaryar da ta fito a hotonsa da ƙurji a fuska ba. Cornelius ya ce a wanke masa da kyau. Bai ƙara komai ba, don yana so ya ba gari mamaki.

Ranar Asabar Bamanga ya kawo hoton da kansa, maƙwabta suka taru a ƙofar gida. Aka zare takarda. Baƙi ƙirin, sumul, ko ɗigo babu.

"Malam, na sha wuya," in ji Bamanga yana share gumi. "Ɗige-ɗigen datti sun fi ɗari biyu, ɗaya bayan ɗaya na bi su da tawada. Ga wani ƙaton tabo a tsakiya. Har a jikin fim ɗin na kankare su da reza, kada su dawo maka."

Cornelius ya zauna a dakali, ya riƙe hoton hannu biyu. Daga cikin gida ana jin Margaret tana kwance bututu daga kan kekenta.

Sallau ya karɓi hoton, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa.

"Wai Malam, don Allah, duhun ma yanzu sai an aika Legas ake ganinsa?"