Motar da Abarci Ya Ɗaga

Rahamatu ta shigo zauren da kwanon fura a hannu, ta tarar Malam Abarci ya wargaza motar. Jiya da la'asar ta bar ta tsaye a kan ƙafafunta huɗu, saura kujerar direba da ɗan fiffiken baya. Yau ga ta kashi-kashi a kan tabarma, shi kuma ya miƙe ƙafa yana ƙoƙarin ɓamɓare wani jan bulo da haƙori.

"Fidda shi daga baki," ta ce. "In ka haɗiye, ba ni kai ka likita."

Bai ko ɗaga kai ba. Ya ce motar ce ba ta yi ba.

Ta dire kwanon har furar ta fantsama. Kwana ashirin suka yi a kan abin nan. Yau Laraba, ranar Asabar kuma Nafi'u zai iso.

Abarci bakanike ne. Shekara arba'in ya yi a ƙarƙashin motocin da ke kai mutane da tumaki tsakanin Dakoro da ƙauyukan daji. Katanga ɗaya ta raba gidansa da na Rahamatu. Matarsa Aisata aminiyarta ce, kuma kafin ta rasu, shekara huɗu ke nan, ta riƙe hannun Rahamatu ta ce ta riƙa leƙa mata tsohon nan, don ko ruwan zafi bai iya dafawa ba. Tun daga ranar, duk abin da ya sauka daga murhun Rahamatu akwai kwanon Abarci a ciki, da faɗa a kai kamar miya.

Bayan damina hawan jini ya buge shi. Ya tashi, amma hannun dama ya zama kamar tsumma, yatsun ba sa jin magana. Ɗansa Nafi'u, wanda ke aiki a Yamai, ya ce lallai ya koma wurinsa da zama. Abarci ya ce ba inda za shi: a ɗakin nan Aisata ta cika, a nan za a wanke shi. Da dokotoro ya ce yatsun suna son aikin ƙananan abubuwa, sai Nafi'u ya aiko da wani karto a bas. Motar tsere ce ta wasan yara, ja, ba a haɗa ba. 'Yan bulo ne na roba sama da ɗari biyu, kowanne da ƙuraje a bayansa da ake dannawa su kama juna, ga littafi mai zane shafi bayan shafi.

Abarci ya ji haushin abin, shi da ya sauke injin kamiyo, babbar motar kaya, da hannu ɗaya a kile, wato sifana. Ya sa aka kira masa Nafi'u a waya, Rahamatu tana tsaye tana ji, bakinsa ya jawo masa. Ya ce in ya haɗa wannan tarkacen da hannun nan nasa kafin ƙarshen wata, a bar shi gidansa, kada a ƙara yi masa zancen Yamai. Nafi'u ya yarda, amma da sharaɗi: motar ta fito kamar yadda take a hoton karton. In ba ta fito ba, Baba zai shiga bas ba gardama.

Wahalar kuwa a kan Rahamatu ta faɗa, don idon tsohon ba ya raba baƙi da toka-toka. Ta juye bulon a faifai uku ta tsince su kala-kala kamar mai tsintar wake. Littafin ba rubutu, zane ne da kibiyoyi, har ita da ba ta wuce aji biyu a lakwal ba ta fi shi ganewa. Ita ke nemo bulo ta miƙa, ita ke riƙe shafi. Dannawa kam ya hana ta, ko guda. Bulo ɗaya sai ya ci masa lokacin dafa shayi. Ya suɓuce, ya gangara ƙarƙashin tabarma, ta duƙa da ciwon bayanta ta lalubo. Ran nan wata kaza ta sure fitilar gaba, Rahamatu ta bi ta har bayan rumbu tana tsine mata. Sau biyu tuwonta yana ƙonewa. Duk ta jure, tana mita, don ta ga abin yana tafiya. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, amma ba ta san yadda za ta yi da kwanon nan ba in aka kulle gidan.

Yanzu ga aikin kwana ashirin a warwatse.

"Mi ta yi maka?" ta tambaya.

Ya dafa bango ya miƙe, ya ja ƙafa zuwa tsakar gida, ya nuna mata ƙasa kusa da randa, inda rairayi ya fi zurfi. Ga sawun ƙafafu biyu siri-siri, a tsakaninsu kuma wani faffaɗan gogewa kamar an ja guntun katako. Bai kai taki ɗaya ba ya ƙare a ɗan tudun rairayi.

"Da sahe na gwada ta. Cikinta na jan ƙasa. Wagga ko Birnin Lalle ba ta kai. Bayan tasha za ta kafe, a hito ana turi."

"Wa zai shiga cikinta, Malam? Ƙadangare?"

"Wanda ya zana littahin ga bai taɓa ganin rairayi ba."

Ta yi masa bayani da haƙuri, sannan ta yi masa babu haƙuri. Motar gudiron ce, wato kwalta, ta tsere, ba ta kai raguna kasuwa ba. Nafi'u bai ce ta yi tafiya ba, cewa ya yi ta yi kama da hoto. Abarci ya saurara har ta gama, sannan ya ce sau ɗaya a rayuwarsa ya saki mota daga garajinsa alhali ya san cikinta ya yi ƙasa, don mai ita yana gaggawa. Mutum tara suka kwana biyu a daji da gora ɗaya ta ruwa. Tun daga nan bai sake ba, kuma ba zai fara da tsufa ba.

"To sai ka tahi Yamai," in ji Rahamatu. "Can gudiron ne ko'ina, ka ja cikinka yadda kake so."

Ta fita tana rantsuwa ba za ta sake taka zauren ba. Bayan azahar ta dawo, don ta jiyo shi ta kan katanga yana zagin wani bulo da ya ɗauka baƙi ne ashe ba shi ba ne.

Daga nan littafi ya koma ƙarƙashin butar shayi. Abarci ya soke fiffiken baya da hancin nan mai faɗi kamar shebur, ya ce kayan ado ne, ya jera bulonsu a ƙarƙashi don ya ɗaga gangar jikin daga ƙafafu. Karon farko ƙafafun baya suka cije, suka ƙi juyawa. Ya sake sauke su. Yana aiki yana magana da motar kamar yadda yake yi a garaji, yana ce mata 'yar banza, yana lallashinta. Hannun yana rawa, gumi yana ɗiga daga gemunsa. Rahamatu tana miƙa bulo tana kallon hoton karton, tana kallon abin da ke fitowa, ranta yana ƙara ɓaci. Ta hoto kamar kibiya take, kwance a ƙasa. Tasu kuwa ta fara kama da zakara a kan ƙafafun raƙumi.

Ranar Alhamis da rana barci ya sace shi a zaune. Ta jawo littafin a hankali. Ta san kowane shafi, ta san in aka bar ta, kafin la'asar za ta mayar da motar yadda aka zana. Ta ɗora yatsa a kan bulon farko ke nan ta ji muryarsa, ido a rufe.

"In kin taɓa, Rahamatu, ke kin kai ni Yamai da hannunki."

"Ai kai ka kai kanka, tsohon mai taurin kai."

"Hannuna aka ce. Ba naki ba."

Ta mayar da littafin ƙarƙashin buta, ta zauna tana huci.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya rage bulo ɗaya, ɗan sitiyari ƙarami kamar ƙwayar gujiya. Ya ƙi sa hannun hagu. Ya ɗora babban yatsan dama, ya danna, ya zame. Ya sake, ya zame. Rahamatu ta kau da kai tana kallon titi, inda wani mai amalanke ke faɗa da jakinsa. A karo na uku ta ji ɗan ƙaras. Ya jingina da bango yana numfashi kamar wanda ya yi noma.

A faifai akwai saura bulo goma sha ɗaya da ba su sami wuri ba. Ta nuna masa. Ya ce kowane bakaniken kirki yana rage kaya. Ya sa ta ɗora motar a kan tsohon akwatin kilensa. Ta ce ba zai gwada ba? Ya ce gobe, a gaban mai ita. Sannan ya ce ta haɗa masa shayi, ta zuba sukari sosai yau ɗaya, ya ci aiki. Ta ce dokotoro ya hana, kuma ba a ba mutum tukuici don ya lalata mota. Ya sha shayinsa salam yana yamutsa fuska, yana cewa Aisata ta bar shi a hannun soja.

Da hantsin Asabar ta shigo da koko. Yana zaune a kan buzunsa, ya jingina da bango, carbi a cinya, hular ta karkace. Ta ce ya gyara zama, ɗansa yana hanya, kada ya tarar da shi kamar buhun da aka yar. Ta zuba kokon a kofi. Ta ce ba da shi take magana ba? Sai da ta faɗa sau biyu, sannan ta lura da ƙudan da ya sauka a kan hannun dama bai kore shi ba, bai kuma kore shi da na hagun ba.

Ta ajiye kofin a hankali. Ta gyara masa hular. Sannan ta fita ta kira maza.

An sami Nafi'u a waya, bas ɗinsa ya riga ya yi nisa, aka ce za a jira shi. A ɗakin Aisata aka wanke Abarci. Gida ya cika da mata, Rahamatu tana ta nuna inda tabarmi suke, inda bokiti yake, tana faɗa da masu zubar da ruwa a hanya. Da ta ga ana ture akwatin kile don a sami wuri, ta ɗauke motar da littafin ta kai ɗakinta. Ta zauna a bakin gado, ta buɗe shafin farko. Awa ɗaya ta ishe ta. Nafi'u zai zo ya ga mota kamar hoto, ya ce Baba ya cika alkawari, ba wanda zai sani. Ta daɗe tana kallon ɗan sitiyarin, ya ɗan karkace hagu yadda yatsan ya tura shi. Sai ta rufe littafin ta tura shi ƙarƙashin katifa. Abin da ya tsaya mata a rai ba motar ba ce ma. Sukarin da ta hana shi ne. Cokali biyu kawai.

Bayan la'asar aka kai shi, maƙabartar da Aisata take.

Ranar sadakar uku, da mutane suka watse, Nafi'u ya zauna a zaure yana haɗa kayan mahaifinsa. Rahamatu ta kawo masa motar, da sauran bulon ƙulle a leda. Ya ɗauko karton, ya dubi hoto, ya dubi abin da ke hannunsa. Ya juya ta, ya leƙa ƙarƙashi. Idonsa ya kawo ruwa.

"Ashe ciwon ya taɓa kansa ma, Inna," ya ce a hankali. "Ba ku faɗa mini ba. Da na zo na ɗauke shi tun da wuri."

Rahamatu ta ji wani abu ya taso mata, irin wanda tsohon kaɗai ke iya taso mata da shi.

"Kansa ƙalau yake. Ya fi naka, ya fi na mai littahin. Taso."

Ta kai shi tsakar gida, kusa da randa. Ƙafafun masu ta'aziyya sun tattake wurin, sai ta duƙa ta share rairayin da tafin hannu har ya kwanta sumul. Ta ce ya ajiye ta nan, ya tura.  Ya tattare farar rigarsa ya tsuguna, ya ɗora motar, ya tura da yatsa ɗaya.

Ta tafi tana rangaji, ta hau ɗan tudu, ta sauka, ta wuce randar, ba ta tsaya ba sai da ta dungure gindin katanga.

"Ya ci ko bai ci ba?" in ji Rahamatu.

Nafi'u bai tashi daga tsugunen ba. Ya share fuska da hannun riga.

"Ya ci, Inna."

"To. Kada in ƙara jin zancen Yamai."

Ta zauna a kan turmin da ke kife. Daga gabansu har katanga sawun ƙafafu biyu ne siri-siri, kuma a tsakaninsu rairayin yana nan yadda tafin hannunta ya bar shi.