Kawunan Wuta Shida a Bayan Kujera

Sifana nake lalube a bayan kujerar a-kori-kurata sai hannuna ya taɓo wata 'yar leda. Na jawo ta. A liƙe take, ba a taɓa buɗe ta ba, kuma a cikinta ga kawunan tagulla guda shida, kowanne bai wuce kan ɗan yatsa ba. Na tsaya ina jujjuya ta kamar baƙon abu, ni da na yi shekara arba'in da ɗaya a sana'ar haɗa kayan gas. Na zauna a bakin mota.

Ranar Laraba ce cikin watan Yuni, tsakiyar hunturu a ƙasarmu, sanyi ya kama har ciyawa ta wayi gari fara fat da ƙanƙara. Ina wata gonar tumaki, kilomita saba'in daga garinmu Warrindool, ina gyara tukunyar ruwan zafi a ɗakunan masu askin tumaki.

Tun watan Janairu kulob ɗin garinmu ya sayi sabuwar na'ura, irin wadda ake ɗorawa a kan rufi, akwati guda mai girman ƙaramar mota. Da zafi ta ba ka sanyi, da sanyi ta ƙona gas ta turo ɗumi ta bututun da ke cikin silin. Daga masana'anta ana saita ta ne da gas ɗin birni, wanda ke zuwa ta ƙarƙashin ƙasa. Mu namu na tanki ne, mota ke kawo shi, kuma ya fi wancan ƙarfi, don haka sai an cire kawunan da gas ke fesowa ta hudarsu an sa masu ƙaramar huda. Su ne ake haɗo maka a leda. In ka bar na birnin, wuta za ta ci fiye da cikinta, ta yi ja, ta toshe hanyar hayaƙi da kunkunniya, daga nan ta fara fitar da gubar nan da ba ta da wari ba ta da launi. Mutum zai ji kansa ya yi nauyi, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa, shi ke nan.

Ranar da muka ɗora ta, iskar arewa ke busawa kamar daga bakin tanda, kuma hukuma ta hana kunna kowace irin wuta a fili saboda gobarar daji. Motar ƙugiya ta sauke ta a kan gindinta, na ɗaure, na haɗa bututu da wayoyi, kwanon rufi yana gasa mini gwiwa ta cikin wando. Sanyi ya fito, 'yan kulob suka yi ta tafi. Ɓangaren gas kuwa, in ka canza kawuna dole ka kunna ka auna, ranar kuma ko ashana ba a ƙyastawa. Sai na rufe famfon gas a can sama, na ɗaura masa jan ƙyalle, na ce wa Clarrie Dunstan, dattijon da ke kula da ginin, kada kowa ya taɓa sai na dawo. Na jefa ledar a mota.

Aiki ya yi mini yawa har ƙarshen rani. Cikin Afrilu aka yi mini aiki a gwiwa. Kullum ina cewa mako mai zuwa, har maganar ta fita daga kaina gaba ɗaya.

Ina zaune a bakin motar sai wani abu ya faɗo mini. Larabar da ta wuce matata Noreen ta dawo daga wasan kartarsu na mata a kulob, ta kwanta da ciwon kai har yamma. Ta ma ce ɗakin ya yi ɗumi har sai da ta tuɓe kwat. Ni kuwa ina kallon ƙwallo, na ce mata "uhm".

Na duba agogo: sha ɗaya saura kwata. Tun ƙarfe goma suke zama, su goma sha shida, ƙofa da tagogi a rufe ruf, kuma ba sa tashi sai ɗaya.

A gonar nan waya ba ta kamawa. Sai ka yi kilomita tara ka hau tudun da tsohon rumbun alkama yake. Na bar kayan aikina a ƙasa yadda suke, na bar ƙofar shingen mutane a buɗe, abin da tun ina yaro ban taɓa yi ba.

A kan tudun na kira Noreen. Ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba. Na san dalili. Matan nan suna da doka: kowace ta shigo sai ta jefa wayarta a kwandon da ke ɗakin girki, kuma wadda aka ga ta tashi ta duba, ita za ta wanke kofunan shayi duka. Shekara takwas ba a karya dokar ba. Wayar ofishin kulob kuwa tun bara aka yanke ta.

Na kira Clarrie. A bayansa ina jin kukan tumaki da muryar dillali.

"Wa ke nan? Lindsay? Ashe kana da rai, tsohon gurgu?"

"Clarrie, ka taɓa famfon gas ɗin da ke kan rufi?"

"Ƙara murya, ina kasuwar tumaki!"

"Famfon gas! Mai jan ƙyalle!"

"Au, shi? Ai tun makon jiya na buɗe. Matan nan sun hana ni sakat, wai haƙoransu na kaɗawa. In na jira ka sai mun mutu da sanyi."

Har a lokacin ina da ɗan abin riƙewa. Na'urar tana da wani ɗan makunnin tsaro wanda ke kashe ta in wuta ta yi yawa.

"Tana tsayawa da kanta, ko? Tana mutuwa?"

Ya yi dariya. "Da farko dai. Minti goma ta mutu, in hau in danna jan maɓallin nan, minti goma ta sake. Sau biyar ina hawa tsani, ni da shekara saba'in da shida. Sai na ce wannan ai iskanci ne. Na samu guntun wayar shinge na haɗe bakin wayoyin makunnin biyu, tun daga nan ko tari ba ta yi ba. Ka ga na rage maka aiki, kwalba ɗaya ta ishe ni godiya."

Haka manomanmu suke. Ba abin da wayar shinge ba ta gyarawa a wurinsu, daga ƙofar keji har injin girbi. Wanda ya tsaya jiran mai gyara daga birni a ƙasar nan, alkamarsa a gona za ta ruɓe. Ni ma a cikinsu na tashi, ban isa in zage shi ba.

"Yau ka kunna?"

"Tun takwas, don ɗaki ya ɗau ɗumi. Lafiya dai? Muryarka ta..."

Na katse.

Ba zan ɓoye ba, na ɗan tsaya da wayar a hannu. In na kira 'yan kwana-kwana, rahoto zai tafi wurin mai duba aikin gas, kuma sunana ne a takardar na'urar nan. Lasisina ya tafi ke nan. Wata zuciya ta ce mini in taka mota, minti arba'in na isa, in kashe abin ba wanda ya sani. Tsawon numfashi uku na saurare ta, kuma har gobe ina jin kunyar ukun nan.

Na kira. Matar da ta ɗauka ta yi mini tambayoyi a natse, ta ce an tura. Amma 'yan kwana-kwanan Warrindool manoma ne masu sa kai, kowa yana kan tarakta yana shuka. Kafin su taru a tashar su fito da mota, minti ashirin ne in an yi sa'a. Motar asibiti kuma daga wani gari za ta taso.

Sai na tuna gidan burodin Huong yana kallon kulob, titi kawai ya raba su.

"Gidan burodi, me za a ajiye maka?"

"Huong, Lindsay ne. Ajiye komai ki tsallaka kulob yanzu."

"Kawu Lindsay, ina da mutum huɗu a layi, burodin nama na cikin tanda."

"Bar shi ya ƙone. Gas na kashe matan nan. Kada ki kashe wayar."

Ban ƙara ko kalma ba na ji ƙarar ƙofa da takun gudu. Na tayar da mota, na ɗora wayar a cinya, ina roƙon kada layin ya yanke a gangare.

"Zagaya baya tukuna," na ce. "Akwai farin tanki a cikin keji. A samansa akwai murfi, ɗaga shi za ki ga abin murɗawa kamar na famfo. Murɗa dama har ya tsaya."

"Kejin da kwaɗo!"

"Ɗan makullin yana ƙarƙashin bulon da ke gefen ƙofa. Nan Clarrie ke ajiye shi."

Na ji tana haki, tana faɗar wasu maganganu da harshen iyayenta. Ƙarfe ya yi ƙara.

"Ya ƙi juyawa... ya juya. Ya tsaya."

"Yanzu ƙofar gaba. Buɗe ta duka biyu, ki tokare. Ja numfashi a waje kafin ki shiga, kada ki daɗe. Ki fito da su."

Abin da na ji bayan nan ya fi komai tayar mini da hankali, domin shiru ne. Mata goma sha shida a kan karta, a ce ba hayaniya? Sai can wata murya a hankali, ta Beryl Hocking, shugabarsu, mai shekara tamanin da huɗu.

"Rufe mana ƙofa, 'yar nan, kina shigo da sanyi."

"Ku tashi ku fita! Kawu Lindsay ya ce gas ne!"

"Ni ban ji warin komai ba. A ƙarasa wannan zagayen, hannuna ya yi kyau yau."

"Huong," na yi ihu, "ɗaga wayar sama su ji ni! Beryl! Lindsay Pascoe ne! Na'urar nan ban gama aikinta ba, guba take turo muku! Wadda duk ta ji ciwon kai, shi ne! Ku fita!"

Wata ta ce, "Ni kam tun ɗazu kaina ke sarawa." Wata ta ce ita ma. Kujeru suka fara ja da baya.

"Noreen fa? Huong, kina ganin Noreen?"

"Ba ta a teburi."

"Ta ce jiri take ji," in ji wata, "ta je ta ɗan kwanta a dogon bencin ɗakin girki."

A ɗakin girkin nan bakin bututu na farko yake, wanda ya fi kusa da na'ura. Ni na yanka silin ɗin da hannuna.

Daidai nan hanya ta gangara cikin kwari, layin ya yanke.

Kilomita sittin na yi ban san abin da ake ciki ba. Kwalta a miƙe, gonaki a dama da hagu, ba mota ko ɗaya. Na yi ta danna lambar Huong, ba ta shiga. Na yi wa Noreen magana ni kaɗai a cikin mota, maganganun da shekara talatin da tara ban gaya mata ba, wasu kuma zagi ne, don me za ta je ta kwanta.

Da na karyo kwanar kulob na ga jar mota da ta asibiti. Mata zazzaune a kan ciyawar filin wasa, an lulluɓe su da barguna, wasu na amai. Na fito na manta da gwiwa. Noreen tana kan gadon ɗaukar marasa lafiya, an rufe mata hanci da baki da robar iska. Idonta biyu. Huong na gefenta zaune a ƙasa, garin fulawa har gira. Ita ta jawo ta ta hammata tun daga ɗakin girki har waje.

Noreen ta janye robar kaɗan. "Na gaya maka tun makon jiya kaina na ciwo."

"Kin gaya mini."

"Ka ce uhm."

Ma'aikaciyar asibiti ta mayar mata da robar. Ta ce za su tafi da ita da Beryl da wasu biyu, su kwana a can a ga yadda jini zai yi. Ta ce da an ƙara rabin sa'a, da wata maganar ake yi.

Kafin motar ta tashi Clarrie ya iso, hula a hannu, fuskarsa kamar toka. Ya ja ni gefe.

"Tsani na nan a baya," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ka hau ka sa abubuwan naka kafin mai dubawa ya zo. Wayar shingen tawa ce, a bar ta a wurin, in ce ni na yi. Ni ba ni da lasisin da za a karɓe."

Na dube shi. Da gaske yake, kuma da zai yiwu. Minti ashirin ya ishe ni in canza kawuna shida. Sai dai kunkunniyar da ta cika cikin na'urar ba za ta goge ba, kuma mata goma sha shida sun ji abin da na faɗa da bakina. Ko da ba su ji ba, Noreen tana kallona ta ƙofar motar.

Shugaban 'yan kwana-kwana ya matso da takarda yana tambayar wa ya san abin da ya faru. Na ciro ledar daga aljihu na miƙa masa.

"Waɗannan ya kamata a ce suna can sama tun Janairu," na ce. "Rubuta sunana. Kada kowa ya hau rufin nan sai mai dubawa ya zo."

Wata biyu bayan haka aka karɓe lasisin. Wani mutum daga Mildura ya zo ya canza cikin na'urar, ya sa kawunan, ya kafa abin ƙara a bango mai ihu in guba ta taru. Na tsaya a ƙasa na riƙe masa tsani. Matan sun koma kartarsu, kuma yanzu waya ɗaya tana zama a kan teburi, ta Noreen. Kofunan shayi kuwa, Beryl ta yanke hukunci tun tana gadon asibiti, ni da Clarrie muke wanke su duk Laraba.