Gaisuwar da Kawu Ya Kai wa Madam

Duk wanda ya shiga gidan Alhaji Maharazu da ke unguwar Al Nahda, kan iyakar Dubai da Sharjah, a shekarar 2012, kafin a ce masa sannu da zuwa sai ya fara gaisawa da warin cukun Wasila. Wani cuku ne mai laushi da take saye a babban kanti, ta tura shi can ƙuryar firji, shi kuwa ya fito ya gauraye gidan. Matar Alhaji, Ummi Kulsum, ta yi faɗa har ta gaji. Ita kanta Wasila, in za a faɗi gaskiya, toshe hanci take yi ta haɗiye. Amma malamarta Madam Odile ta ce ba da kai kaɗai ake koyon Faransanci ba, har da ciki, kuma a wancan lokacin duk abin da Madam ta faɗa, a wurin Wasila ya zauna.

Wasila 'yar ƙanwar Alhaji ce, daga Fagge. Shi ya ɗauko ta daga Kano ya sa ta a wata kwaleji a bayan garin Dubai tana karanta kasuwanci da Faransanci. Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne: kwantenoninsa ta Kwatano suke bi, kuma ya gaji da tafintoci masu cinye rabin magana a hanya. Ita kuwa nata burin ya wuce Kwatano. Duk shekara kwalejin tana zaɓar mutum biyu cikin 'yan aji biyu ta tura su birnin Lyon na Faransa, su yi zango guda a gidan Faransawa. Sau ɗaya damar take zuwa wa ɗalibi. Tun ranar da Wasila ta ji haka, ba ta ƙara sanin akwai wani gari a duniya ba sai Lyon.

Madam Odile, malamarsu, doguwar mace ce mai gajeren gashi, ba ta dariya sai da dalili. Dokarta ita ce mutum ya nutse cikin harshen tun daga farkawa har kwanciya. Wasila ta nutse har ta wuce yadda aka ce. Wayarta ta koma Faransanci, rediyonta Faransanci, finafinan da take kallo irin waɗanda mutum biyu za su zauna a teburi su yi ta musu har a gama. A gida kuwa magana ta ƙare. Da safe za ta durƙusa ta ce, "Kawu, ina kwana," da dare, "Kawu, sai da safe," abin da ke tsakani duk kunnenta a toshe yake da iyafis. Alhaji bai taɓa nuna ya damu ba. Malama Bonju yake kiranta, daga gaisuwar Faransawa ta bonjour, kuma babu ɗan kasuwar Kano a Deira, unguwar kasuwannin Dubai, da bai ji labarinta ba.

Abu ɗaya Madam take ƙorafi a kai. "Wasila, Faransancinki a takarda ba shi da aibi," takan ce. "Amma da takalmina kike magana. Ki dube ni. Ki ce mini ban yi daidai ba." Wasila sai ta ƙara sunkuyar da kai ta ce haka ne. To me za ta ce? A Fagge yarinyar da ta zuba wa babba ido tana musa masa, an san sunan da ake kiranta. Duk da haka makinta ya fi na kowa, har Madam ta tsegunta mata cewa ta fara neman rigar sanyi, domin ranar Alhamis kwamiti zai zauna. Murna ta sa Wasila ta cire iyafis a daren nan ta faɗa wa kawunta. Wannan shi ne kuskuren da ta yi.

Ranar Laraba da safe, tana shiga ƙofar kwalejin, mai gadi ya tare ta da fara'a. Abdul-Mumuni sunansa, ɗan zangon Nima ne a Accra, kuma ita kaɗai yake samu ya yi Hausa da ita.

"Ei, Wasila! Jiya bayan kin tafi tsohonki ya zo. Chale, mutumin kirki! Ni na kai shi har ofis na Madam."

"Wane tsohona?"

"Alhaji mana. Da leda babba, sai ƙamshi."

Ba ta tsaya amsa sauran gaisuwar ba, ta hau sama.

Ledar tana kan kujerar baƙi a ofishin Madam, ko bakinta ba a buɗe ba, sai dai ƙamshi ya riga ya tona ta: turaren wuta na Deira, da kilishin da aka aiko daga gida. Ta gefe ana hango turmin atamfa. Madam ba ta ce ta zauna ba, da ma babu wurin zaman. Cikin Faransanci mai sanyi ta ba ta labari. Kawun nata ya shigo, ya dafa ƙirji, ya yi doguwar gaisuwa. Sannan ya ce da Turanci, "Wasila, my daughter. France, inshallah." Ya ajiye ledar a bakin ƙofa, kafin ta miƙe ya fice da sauri, ko waiwaye bai yi ba. Kuma duk a gaban shugaban sashe aka yi, yana zaune a ofishin.

"Kwana biyu kafin zaɓe, Wasila," in ji Madam. "Dole na sanar da kwamiti. An cire sunanki."

Da farko Wasila takalman Madam ta duba, kamar kullum. Baƙaƙe ne, an goge su tas. Ta tuna safiyoyin da take tsaye a bas tun daga Al Nahda tana haddar fi'ilai, wani yana taka mata ƙafa. Ta tuna cukun nan. Kafin ta ankara kanta ya ɗago.

"Non, Madame."

Madam ta ɗaga gira.

"A'a. Ba ki yi daidai ba." Faransanci ne yake fita, ita kanta ba ta san daga ina ba. "Cin hanci kike nufi, ki faɗe shi da sunansa. Mai ba da cin hanci da rana tsaka yake zuwa, mai gadi ya yi masa jagora, ya ajiye a gaban shugaban sashe? Da busasshen nama? A garinmu babba ba ya zuwa wurin malamin 'yarsa hannu rabbana. Haka ya yi wa malamin da ya koya mini karatun allo, haka ya yi wa likitan da ya duba mahaifiyata. Ya ajiye ya fita da sauri ne don kada ya tsaya kina yi masa godiya, ki ji nauyi. Girmama ki ya yi!"

"Wasila..."

"Ban gama ba. Ke kika koya mana cewa in Bafaranshe ya gayyace mu gidansa kada mu je haka, mu riƙe furanni. Na rubuta, na haddace. Na san cokalin da ake fara ɗauka, na san kumatun da ake fara sumbata, na san wanda ake ce wa vous don girmamawa. Na daina magana da mutanen da suke ciyar da ni saboda kin ce in nutse. Ke fa? Shekara nawa kina garin nan, ajinki cike da 'yan Kano da 'yan Karachi da 'yan Khartoum, kin taɓa tambayar ɗayanmu yadda ake gaida malami a gidansu? Mu ne kullum masu koyo. In muka yi kuskure a naku, jahilci ne. In ba ku gane namu ba, laifi ne, kuma mu za a hukunta!"

Ta tsaya tana haki. Idonta yana cikin na Madam, bai ƙifta ba.

Madam ta cire tabarau. "Na yarda da ke," ta ce. "Da gaske na yarda. Amma kwamiti ba ya iya auna zuciya. In aka tura ki, duk ɗalibin da bai samu ba zai ce ledar ce ta tafi Lyon. Maganar ta fita daga hannuna." Sai kuma ta ɗan murmusa, murmushin da Wasila ta yi shekara biyu tana nema. "Voilà. Wannan shi ne Faransancin da nake jira a bakinki tun bara."

Da marinta ta yi da ya fi sauƙi.

"Ki mayar masa da kayansa, ki ce na gode."

"Madam, ba a mayar wa babba kyautarsa. Zagi ne."

"Ba zan iya riƙewa ba," in ji Madam, ta mai da tabarau ɗinta.

Haka Wasila ta sungumi ledar ta bi ta gaban Abdul-Mumuni. Ba ta shiga aji ba ranar. Ta zauna a ɗakin karatu da ledar a gindin teburi, ba ta karanta ko layi ɗaya ba, sai da yamma ta shiga bas. Masu komawa Sharjah sun cika titi, motar tana tafiya tana tsayawa, ƙamshin turare da yajin kilishi suna ta tashi daga cinyarta. Fushinta ya bar Madam ya koma kan mai gayya. Wa ya aike shi? Wa ya ce masa kwaleji rumfar Kantin Kwari ce? Mutum bai san abu ba, ba zai tambaya ba, sai ya ɗauki hula ya je ya rusa wa yarinya abin da ta yi shekara biyu tana ginawa. Ta shirya maganganun da za ta faɗa masa, ta jera su, ta wasa su. Yau ta koyi duban babba cikin ido, kuma ba za ta bar karatun a ofishin Madam ba.

Da za ta sauka ta bar ledar a kan kujera da gangan. Wata 'yar Filifin ta biyo ta har bakin ƙofa tana kira, "Sister, sister, your bag!" Dole ta karɓa, har da godiya.

Ta tarar da Alhaji a kan kafet, ya idar da magariba, waya a kunne. "Yalla, habibi, ka loda kawai. Container ba za ta jira ka ba. Khalas!" Ya hango ta ya washe baki. "A'a, Malama Bonju! Yaya Madam? Ta ga..."

Idonsa ya sauka a kan ledar. Ya kashe wayar.

Wasila ta ajiye ta a gabansa, ba ta durƙusa ba. Ummi Kulsum ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, ta ga abin da ke ƙasa, ta koma ciki. Alhaji ya jawo ledar a hankali, ya leƙa, ya taɓa atamfar, ya taɓa ƙullin kilishin. Komai yana nan yadda ya shirya shi. Mutumin da ake jin muryarsa daga wannan ƙarshen Deira zuwa wancan, sai ga shi ya yi ƙarami a kan kafet ɗinsa.

"Ta dawo da shi," ya ce.

"E."

Ta ja numfashi za ta fara, amma ya riga ta.

"Ya yi mata kaɗan ko?" Ya girgiza kai. "Wallahi sai da raina ya ba ni. Babbar malama, Baturiya, a kai mata atamfa da kilishi kamar wata maƙwabciya? Rowata ce ta jawo. Ki yi haƙuri, Wasila. Gobe in Allah ya kai mu zan shiga kasuwar gwal in samo mata abin da ya dace, in koma da kaina in ba ta haƙuri. Ba za a hana ki tafiyar nan saboda ni ba." Har ya fara laluben hularsa, kamar goben ta yi.

"Kawu, kada ka koma."

"Ai dole. In mutum ya yi kuskure..."

"Kawu, don Allah kada ka koma."

Ya ɗago, suka haɗa ido. Tunda aka haife ta ba ta taɓa kallon idon kawunta haka ba. Ashe ya tsufa, ashe akwai fari-fari a gefen ƙwayar idonsa. Maganganun da ta wasa a bas suna nan a kan harshenta, da kaifinsu, kuma ta san kowace gaskiya ce. Ranta bai huce ba ko kaɗan. Amma ta rasa inda za ta soka su.

"Dokarsu ce," ta ce. "Ba sa karɓar komai daga iyaye. Ta ce a yi maka godiya."

"To, to. Doka ce." Ya sauke ajiyar zuciya. "Tafiyar fa?"

"Wasu za a ba."

"Subhanallahi. Saboda me?"

Wasila ta mai da idonta kan kafet. "Faransancina ne bai kai ba."

Alhaji ya jujjuya hular a hannunsa. Ba faɗa ya yi ba, muryarsa ma ƙasa-ƙasa ta fito, irin ta mai mamaki.

"Shekara biyu ba kya yi mana magana a gidan nan, Wasila. Ashe ma bai kai ba?"

Ta cije leɓe har ta ji gishirin jini. Sannan ta durƙusa ta ɗauke ledar daga gabansa ta kai kicin.