Daidai Ƙugu

Ni birkila ne, kuma tun ina saurayi ake kirana Dogo. Da wuya in shiga ƙofar gidan mutum ban sunkuya ba. Na faɗi wannan tun farko ne domin duk rigimar daga nan ta taso.

Da dattawan cocinmu suka yanke shawarar gyara kicin da zauren da ake taruwa a ci abinci, ni suka ba aikin. Wurin kam ya gaji. Kwano yana yoyo, hayaƙi ya mai da bango baƙi ƙirin, in aka yi ruwan sama kuma ruwan tsakar gida ya kwararo ta ƙofa har ya kashe wutar murhu. Tsakanin kicin da zauren akwai wani ɗan sito da babu komai a ciki sai karyayyun benci da ɓeraye. Na ce a rushe shi, zaure ya ƙara faɗi, a buɗe babbar taga da za a riƙa miƙa abinci ta ciki. Kowa ya yarda in ban da mutum ɗaya, wato uwata.

Inna ce ke riƙe da kicin ɗin tun coci yana rumfa. Aure ne, makoki ne, taron mata ne, babu tukunyar da za ta hau wuta a wurin ba da saninta ba. Tun rasuwar Baba kuwa, nan ne kaɗai wurin da ake jin dariyarta. Sai dai ciwon baya ya fara ba ta wahala, likita ya hana ta sunkuyo, ga shi girkin wurin duk a ƙasa ake yin sa.

"Ba gyara za ku yi ba," in ji ta ranar da na kai mata labari. "Korar tsofaffi za ku yi. Ku kawo murhun gas, ku kawo 'yan mata masu dogon farce."

"Inna, don ke nake wannan aikin. Teburin kankare zan zuba miki. Yanka, wanke-wanke, juya miya, duk a tsaye. Ba sauran sunkuyo."

Ta dube ni ta ce, "To, ka yi shi daidai ƙugu."

"Daidai ƙugu. An gama."

Muka rushe siton, muka tara ɓaraguzansa a gefe. Aka sa sabon kwano, na fasa tsohuwar ƙofa na ɗaga linta, wato kankaren saman ƙofa, yadda ko ni zan shiga kaina a miƙe. Ranar da zan kafa katakon teburin, na jingina da bango, na ɗora fensir a ƙuguna na ja layi. Mai famfo, abokina tun ƙuruciya, gajere mai tumbi, yana tsugune yana haɗa bututu.

"Dogo, wannan bai yi sama ba kuwa?"

"Kai ko kujerar yara ce sama za ta yi maka. Ka ji da bututunka."

Na jera rodi, na zuba kankare mai kyau daga wannan bango zuwa wancan, da wurin wanke-wanke da gurbin murhu. Da ya bushe na buga shi da guduma, ya amsa kamar dutse. Ban taɓa zuba abin da ya kai shi kyau ba, kuma har yau ban janye wannan maganar ba.

Ran Lahadi bayan sujada matan coci suka shigo gani, Inna a gaba da sandarta. Ita Inna in ta tsaya kusa da ni, kanta da kyar yake kai ƙirjina. Tsawon na Baba ne na gado. Ta matsa jikin teburin, sai ga bakinsa ya tokare ta a ƙarƙashin hammata. Wata ta ɗauko babbar tukunya ta ɗora a gurbin murhu. Inna ta yi ɗage, ba ta ga cikinta ba.

Mata suka fashe da dariya. Shugabarsu har da riƙe ciki.

"Dogo, tsanin fa? Ko sai an jima za a kawo?"

"Ai mu huta, daga yau shi zai riƙa yi mana girki!"

Inna ba ta yi dariya ba. Ta juya ta je wurin ƙusar da take rataye babban ludayinta, wanda ko lokacin rusau ba ta yarda an taɓa ba. Ta cire shi ta sa a jaka ta fita. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

A gida na ce wa matata, "Ƙugu aka ce mini, ƙugu na yi."

"Ƙugun wa?"

"Ba a faɗa ba."

"Baban yara, kai za ka tsaya kan tukunyar?"

Na ce ta kawo mini ruwan wanka.

Inna ta shige ɗakinta. In an kai mata abinci sai kwanon ya dawo kamar yadda ya tafi. Jikoki su shiga su yi ta surutu, ta ce musu kanta na ciwo. Da Lahadi ta zagayo ta ce ba za ta je sujada ba, matar da ko zazzaɓi bai taɓa hana ta ba. Nan ne na gane abin ya wuce fushi. Na ga yadda Baba ya fara, shi ma da zaman ɗaki ne.

Fasto ya same ni a wurin aiki. Mutum ne mai sanyin magana.

"Dogo, ina ga a fasa shi a sake, ko?"

"Fasto, rodin nan ya shiga bango, bututu na cikinsa. In na sa guduma bangon zai tsage."

Gaskiya na faɗa masa. Amma akwai wata gaskiyar, ni ba na fasa aikin da ya yi kyau. Na yi ta zagaya teburin nan kamar zai ji tausayina ya rage tsawo da kansa. Na yi tunanin sa benci a gabansa, na tuna tsohuwa da sanda da tafasasshiyar miya, na watsar.

Ina cikin haka mai famfo ya zo ɗaura kan famfo. Hannunsa bai kai yadda yake so ba, sai ya jawo bulo daga ɓaraguzan siton ya taka.

"Yauwa," in ji shi. "Yanzu na zama mutum."

Na tsaya ina kallon ƙafafunsa.

"Me kake kallo? Takalmin ba na sayarwa ba ne."

"Kada ka sauko."

Teburin ba zai sauko ba, to ƙasa ta hau ta same shi. Ga ɓaraguzai a tare ana neman inda za a zubar. In na cike daɓen kicin da su, ruwan sama ma ya daina shigowa. A bakin ƙofa kuma in yi gangare mai sauƙi maimakon matakala, saboda masu sanda. Fasto ya ce bai ga laifin hakan ba. Saura abu ɗaya, wannan karon ba zan yi da ka ba, sai na auna mai ƙugun.

Na shiga ɗakin Inna da tef a hannu.

"Akwatin gawata za ka auna?"

"Haba Inna. Miƙe kawai za ki yi."

"Ka je ka auna naka, ai shi ka sani."

Ta juya fuska bango. Na fito na zauna a tsakar gida. Matata tana shanya, ba ta ko kalle ni ba ta ce, "Sandarta fa? Kafinta daidai ƙugunta ya yanke ta."

Bayan abincin rana, da barci ya ɗauke Inna, na laɓaɓa na ɗauke sandar. Da girmana, da furfura a gemu.

Mun cike ƙasa mun daddaɓe, ina tsugune ina gwada sandar da bakin teburin, sai na ji murya daga tsakar gidan coci.

"Ina ɓarawon yake?"

Ga Inna tana dogara sandar goge-goge, matata a bayanta tana cewa "Inna ki yi haƙuri," amma fuskarta ba ta mai ba da haƙuri ba ce. Daga baya na gane ita ta faɗa mata inda sandar take. Inna ta hau gangaren ba ta ma lura ta hau ba, ta fizge sandarta, ta ɗaga za ta maka mini. Sai ɗaya hannun nata ya sauka a kan teburin.

Ta tsaya. Ta shafa shi. Ta matsa gaba ta sa hannu biyu a wurin wanke-wanke, ta murɗa famfo, ruwa ya zubo. Ni dai ina tsugune ina kallonta.

"Kawo tukunya," in ji ta.

Mai famfo ya ruga ya kawo. Ta leƙa ciki.

"Nan wajen murhu ka ƙara ƙasa kaɗan. Ka manta tukunya ma tana da nata tsawon? Kuma wannan tagar taka, tire ba zai wuce ba. Wa ya ce a jera bencin zaure su ba kicin baya? Mutum ya ci abinci bai ga wanda ya dafa ba?"

Ta yi ta faɗa, ni kuwa kowace kalma kamar ana sauke mini buhun siminti daga ka. Na ce to. Na sake cewa to. Mai famfo ya ce bai taɓa jin na ce to sau biyu a jere ba.

Na ƙara ƙasar, na faɗaɗa tagar, na zuba daɓe na sa tayil marar santsi. Ranar da aka fara girki a ciki, zaure ya cika, Inna ta aike ni in shigo da buhun shinkafa. Na saɓo shi na nufi ƙofar da na ɗaga da hannuna, kaina a miƙe. Na manta ƙasa ta hau. Linta ta ɗauke ni a goshi, har sai da na ga taurari.

Mata suka yi shewa. Inna tana tsaye kan tukunya, ludayinta a hannu, bayanta a miƙe, tana dariya har da hawaye.

"Sunkuya, Dogo. Kai ai likita bai hana ka ba."

Na sunkuya na shiga. Ƙullutun ya yi mini kwanaki a goshi, ban damu ba. Amma duk wanda ya tsokane ni da zancen, amsata ɗaya ce: ba a faɗi ƙugun wa ba.